Ruwan hanya: yadda za a bi da shi, da abin da ya dace a dasa a bakin titi

Damanar ƙasar Adar gajeruwa ce. Daga watan Yuni zuwa Satumba ake samun ruwa, kuma abin da ke sauka a birnin Tawa cikin shekara guda bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba. In kuka nufi arewa, wajen Tabalak da Abalak, sai ya ƙara raguwa. Sai dai wannan ɗan ruwa ba ya zuwa a hankali. Sau da yawa hadari guda yakan juye ruwa mai yawa cikin sa'a ɗaya ko biyu. A ranar ne titi ke zama gulbi, katangu su faɗi, hanya ta yanke. Bayan kwana kaɗan kuma ƙasa ta bushe ƙayau, itacen da aka dasa a bakin wannan titi ya shiga jin ƙishirwa.

A damanar 2024 ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi, ta kuma yanke manyan hanyoyi a wurare da dama. Wannan bayani zai nuna muku yadda ruwan da ke ɓata hanya zai iya shayar da itatuwan bakinta, ba tare da an riƙa jigilar ruwa a mota kullum ba.

Ruwa nawa hanya ke tarawa?

Mu fara da ɗan lissafi, irin wanda kuke yi a ajin yaƙi da jahilci. In an ce an yi ruwa na milimita 1, ma'anarsa ita ce lita 1 ta zuba a kan kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. To, ku ɗauki hanyar kwalta, wadda muka fi sani da gudron, mai faɗin mita 7 da tsawon kilomita 1. Filinta murabba'in mita 7,000 ne. In aka yi ruwa na milimita 30 a dare ɗaya, lita 210,000 ke nan ta zuba a kanta, watau cikin tano 1,050 masu cin lita 200. Kwalta kuwa ba ta shan ruwa. Kusan dukansa gangarawa yake yi gefe.

Ku gwada da ƙofar gidanku. In tsawon katangarku mita 15 ne, kuma rabin titin da ke gangarowa wajenku mita 4 ne, ruwan milimita 20 zai kawo muku lita 1,200. Jarka 60 ke nan masu cin lita 20. Ku tambayi mai tura ruwa nawa zai karɓa kafin ya kawo muku jarka 60.

Yadda ruwa ke kashe hanya

Ƙasar Adar tana da tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, cike da duwatsu da faƙo, sa'an nan gangara mai kaifi, sa'an nan kwari da fadama, irin kwarin Tadis, da na Keita, da na Badagishiri, da Majiya. Ruwan da ya faɗi a kan faƙo ba ya nutsewa. Yana tattaruwa ya sauko da gudu, ɗauke da rairayi da tsakuwa. Hanya kuwa tana ratsa gangarar a gicciye, kamar madatsa. Duk ruwan da a da yake bazuwa cikin fili mai faɗi, yanzu hanya ta tare shi, ta tura shi ta ƙofa guda.

Daga nan ɓarna ke farawa. In ruwa ya kwanta a jikin hanya, yakan ratsa ƙarƙashinta ya tausasa jar ƙasar da aka daɓe. Babbar mota na bi ta kai, kwalta ta tsage, tsaga ta zama rami. In kuma ruwan ya fita da ƙarfi ta bakin kwalbati, yakan haƙa ƙasar da ya faɗa a kai. Ramin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kowace damana yana ƙara zurfi, yana cin ƙasa yana komawa baya, har ya zama kwazazzabo. A ƙasa yana cinye gonar mutum, a sama yana rarake gindin hanya. Abu na uku shi ne rairayi. Inda gudun ruwa ya ragu, nan yake sauke kayansa, ya cike magudana. A arewa ma ba a jiran ruwa: iskar rani kaɗai ta isa ta tara rairayi a kan kwalta. Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar uraniyom, ya ga waɗannan abubuwa uku da idonsa.

Sunayen ayyukan da kuke gani

Lambatu, ko kanibo, shi ne magudanar da aka gina a gefen titi. Kwalbati shi ne bututu ko ƙofar siminti da ke ratsa ƙarƙashin hanya. Radiye shi ne wurin da aka saukar da hanya, aka daɓe ta da siminti, domin ruwan ƙorama ya bi ta kanta ya wuce. Gabiyon kuwa kejin waya ne da ake cikawa da duwatsu domin tare gaɓa.

Akwai kuma titin pabe. Tun a shekarun 1980 aka shimfiɗa wa wasu titunan Tawa tubalan siminti, aka yi musu gefe mai ɗan tsawo, domin titin da kansa ya ɗauki ruwa ya kai shi gangare. Dabarar ta dace da garin da ruwa ke gudu ƴan kwanaki kaɗai cikin shekara. Lambatu mai zurfi yakan shafe wata takwas ko tara a bushe, kuma a cikin watannin nan ne yake cika da rairayi da shara da leda. Titin pabe kuwa a buɗe yake, tsintsiya da shebur sun isa su share shi, in tubali ya fashe a cire shi a sa wani. Lokacin bikin 18 ga Disamba na 2017, wanda aka kira Tawa Sakola, birnin ya sami sababbin tituna. Gina su ya ƙare tuni. Kula da su ne aikin da ba ya ƙarewa.

Abin da Adar ta riga ta sani

Ba sai an je wata ƙasa neman dabara ba. Tun kafin zuwan ayyukan raya karkara, manoman Adar suna jera duwatsu a gicciyen gangara domin tare ƙasa da ruwa. A 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, layi biyu-biyu, domin kare gonaki daga iska. A 1984 aka fara babban aikin Keita, da taimakon ƙasar Italiya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Cikin kimanin shekara 20 aka farfaɗo da fiye da hekta 34,000 na ƙasar da ta mutu, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18. Mata ne suka yi mafi yawan aikin, su ne suka ɗauki duwatsu a ka. A gangaren tuddan Keita an haƙa dogayen ramuka masu tsawon mita 3, faɗi da zurfi santimita 60, aka dasa itace a kowane rami. Itatuwan nan da ruwan sama suka rayu, wanda ramin ya kama musu.

A 1989 kuma wasu manoma daga yankin Illela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake faɗaɗa ramin shuka a zuba masa taki. Suka dawo suka inganta tassa, suka haɗa da rabin wata, har faƙon da ba mai so ya zama gona ana sayensa da kuɗi. Daga ƙarshen shekarun 1990, da taimakon Jamus, aka shiga gina ƙananan madatsu a kwaruruwan jihar Tawa, waɗanda ke baza ruwan ƙorama cikin fadama domin ya nutse.

Darasin duk ɗaya ne: a rage wa ruwa gudu, a baza shi, a bar shi ya nutse inda saiwa za ta same shi. Abin mamaki, mun yi shekara da shekaru muna aiki da wannan sani a gona, amma a bakin hanya sai mu mance da shi. Mutanen Tigrai a ƙasar Habasha sun ɗauke shi zuwa bakin hanya tun wajen 2014. Suna karkatar da ruwan kwalbati zuwa ramuka da tabkuna da gonaki, hanya ta huta, ƙasa ta sha.

Yadda za ku yi a bakin hanya

Kafin ku ɗauki diga, ku fita ku duba wurin lokacin da ake ruwa, ko da zarar an ɗauke. Ku ga ta ina ruwa ke zuwa, ina yake gudu, ina yake kwanciya. Sawun da ya bari a rairayi zai gaya muku gaskiya fiye da tsammani.

Sa'an nan ku riƙe ƙa'ida guda wadda ba a karya ta: ba a tara ruwa a jikin hanya, ba a kuma tara shi a gindin katangar laka. Ramin shan ruwa yana zama can gefe, a ƙasa da hanya, da tazarar mitoci kaɗan daga gare ta da kuma daga gini. Ana yanka ƴar hanyar ruwa marar zurfi daga gefen titi zuwa ramin, a shimfiɗa mata duwatsu domin kada ta zaizaye.

A wajen gari, inda akwai fili, rabin wata ya fi dacewa. Faɗinsa mita 4, zurfinsa kamar taƙi guda, bakinsa yana duban inda ruwa ke fitowa, ƙasar da aka haƙo kuma a tara ta a bayansa a daɓe. Ana jera su a sarƙe, yadda ruwan da ya tsallake tsakanin biyu na sama zai faɗa cikin na ƙasa. A bakin kwalbati, inda ruwa ke fita da ƙarfi, kada ku fara da rami. Ku fara da shimfiɗar manyan duwatsu domin su karya ƙarfinsa, sa'an nan jeren duwatsu a gicciye, ɗaya bayan ɗaya, har ruwan ya bazu ya yi sanyi. Bayan nan ne rabin wata ko gona za su iya karɓarsa. Ku lura da kyau: jeren duwatsun nan yana zama a ƙasa da bakin kwalbati. In kuka toshe bakin, ruwa zai koma baya ya hau kan hanya, ku jawo ɓarnar da kuke gudu. In kwazazzabo ya riga ya yi zurfin da ya wuce gwiwa, aikin ya fi ƙarfin jeren duwatsu. Wannan na gabiyon ne, sai ku kira ma'aikatan ayyukan karkara.

Akwai maganar maƙwabci. Ruwan da kuka karkatar wani wuri zai je. In gonar wani ce ko gidansa, ku zauna da shi da mai unguwa ko hakimin gari tun rani. Da yawan rigimar damana daga ɗan bakin ruwa da aka yanka da dare take tashi.

A cikin gari fili kaɗan ne, saboda haka kwano ake yi wa kowane itace: rami mai faɗin mita 1 zuwa 2, marar zurfi, gefensa a kwance domin kada yaro ko makaho ya faɗa. A bar masa mafita, yadda in ya cika sauran ruwan zai koma magudana ya bi hanyarsa zuwa gangare ko tabki, kamar tabkin Babaye. A rufe cikinsa da tsakuwa ko kara, domin rana kada ta shanye danshin. Ruwan da ke cikin kwano ya kamata ya nutse cikin kwana biyu ko uku. Sauro yana bukatar wajen mako guda ko fiye daga ƙwai zuwa tashi. In kuka ga ruwa ya haura kwana uku, ku sassaƙe ƙasan ramin, ku gauraya ta da rairayi da taki, ko ku rage zurfinsa.

Wane itace, a wane wuri?

Itacen bakin hanya maraya ne. Ba shi da mai ba shi ruwa kullum, akuya na jiransa, ƙura na rufe shi. Saboda haka ku duba abin da ke tsirowa da kansa a dajin da ke kusa da ku, shi ne ya riga ya ci jarrabawar wurin.

Aduwa tana da jinkirin girma, amma in ta kama ƙasa ba ta jin fari, ga inuwa ga ƴaƴa. Magarya da kandili da ɗakwara suna jure faƙo da tsakuwa. Bagaruwa tana son inda ruwa ke ɗan kwanciya, saboda haka ta dace da gangare da bakin tabki. Gawo na ƙasa mai zurfi ne, a kwari. Anza da sabara da kalgo gajeru ne, suna riƙe ƙasa. Inda iska ke tura rairayi kan hanya, shingen aguwa yana tare shi. Reshenta ake yankawa a kafa da rani, kafin ruwa ya sauka, kuma dabbobi ba su damu da ita ba. A gefen hanyar ruwa da bayan jeren duwatsu ku dasa gamba, a wuri mai danshi kuma jema. Saiwarsu na ɗaure ƙasa, ganyensu na tace rairayi, da kaka kuma ga abin zana da jinka.

Masu ƙaya na wajen gari ne. A cikin unguwa, inda yara ke yawo ba takalmi, ga kekuna da babura, dogon yaro ya fi. Inuwarsa ba ta da na biyu a Tawa, amma ku sani yana son ban ruwa a rani biyu na farko, kuma in aka dasa shi dab da lambatu ko katanga saiwarsa za ta tsaga su. Itacen turare mai shan ruwa ne ƙwarai, bai dace da inda ruwa ya yi ƙaranci ba. Shi kuma itacen nan mai ƙaya da aka kawo daga nahiyar Amurka, wanda ma'aikatan gandun daji ke kira Prosopis, yana girma da sauri, amma dabbobi na baza irinsa, ya mamaye fadama da bakin tabki, cire shi kuma wahala ne. Kada ku kai shi kusa da kwari.

Kafin ku sayi dashe, ku duba ko akwai kututture mai toho a wurin. Tun 1983 da 1984 manoman Maradi suka nuna cewa in aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka sassabe sauran, kututture yakan zama itace da sauri fiye da dashe, domin saiwarsa ta riga ta yi nisa. Ba ya cin ko dala.

Kada a dasa dogon itace a kwana, ko a mararraba, ko ƙarƙashin wayar lantarki, ko a kan bututun famfo. Direba yana bukatar ya hango abin da ke gabansa. Kada kuma a toshe burtali, hanyar dabbobi ce.

Tsakiyar titi

A manyan titunan da aka raba biyu akan bar ɗan tsibiri a tsakiya. Yadda aka saba gina shi, ana ɗaga shi sama da kwalta, a kewaye shi da siminti, a zuba ƙasa, a shuka ciyawa da furanni. Ran buɗe titi abin gwanin kyau. To amma ruwan sama ba ya hawa tudu. Duk abin da ya zuba a titi yana wuce tsibirin ya tafi, shukar kuwa sai motar ruwa ta zo. Ranar da kuɗin mai ya ƙare, ranar ta fara mutuwa. A ganina ciyawar ado a tsakiyar titin Tawa asarar kuɗin jama'a ce, a garin da mata ke layi a bakin famfo cikin watan Afrilu.

Abin da ya fi shi ne gajerun tsirrai masu jure fari, a dasa su da tazara, a rufe tsakaninsu da tsakuwa ko fasassun duwatsu, waɗanda Adar ba ta rasa ba. In titi sabo ne ake shirin yi, ana iya saukar da tsibirin ƙasa da kwalta, a bar ƙofofi a jikin simintin domin ruwa ya shiga, a yi masa mafita. Wannan kam aikin injiniya ne, domin sai an tabbata ruwan ba zai ratsa ƙarƙashin kwalta ba. Ba a yarda kowa ya fasa simintin titi da kansa ba. Amma kuna da bakin magana. In ma'aikatar magajin gari ta kira taro a kan sabon titi, ku tambaya: ina ruwan zai tafi, me za a dasa, wa zai ba shi ruwa bayan ɗan kwangila ya tafi?

Aikin wa, kuma yaushe?

Babbar hanya da abin da ke gefenta na gwamnati ne, titunan gari kuma suna hannun ma'aikatar magajin gari. Ku nemi izini kafin ku haƙa, ku nemi shawarar ma'aikatan gandun daji a kan iri. Sare itace ma, ko wanda ke ƙofar gidanku ne, akwai dokar gandun daji ta 2004 a kansa. Leda kuwa, wadda ita ce babbar mai toshe lambatu, dokar 2014 ta hana shigo da marar ruɓewa da sayar da ita, ko da yake har yanzu ga ta nan ko'ina. Abin da ke hannunku shi ne kada ta fita daga gidanku zuwa magudana.

A watan Afrilu da Mayu ake yashe lambatu da bakin kwalbati. Rairayin da aka kwaso a ɗauke shi da amalanke a kai nesa. In aka tara shi a bakin lambatu, ruwan farko zai mayar da shi ciki. A lokacin ne kuma ake haƙa kwano da rabin wata, a jera duwatsu. Dashe sai ƙasa ta jiƙu sosai, cikin Yuli. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar, amma a arewacin Adar wanda ya riga ta da mako biyu ko uku, in ruwa ya zauna, ya ba itacensa ƙarin lokacin kama ƙasa. Ranar da aka dasa, ranar za a kewaye shi da ƙaya ko tubali mai ƙofofi, a kuma san sunan mai kula da shi: mai shago, ko mai shayi, ko ɗan aji. Bayan kowane babban ruwa a zagaya a mayar da dutsen da ya goce, a kwashe rairayin da ya cika kwano. Ƙidayar itatuwa kuma a yi ta a watan Mayu mai zuwa, a rubuta a littafin aji nawa suka rayu, wane iri ne, a wane wuri, domin a san abin da za a dasa baɗi.

Ramukan da masu aikin hanya suka haƙi ƙasa sukan cika da ruwa su zama tabki. Suna da amfani ga dabbobi da masu yin tubali, amma gaɓarsu a tsaye take, yara na nutsewa a ciki. Ku roƙi a kwantar da gefensu, ku hana yara wanka a wurin. A radiye kuma, in ƙorama ta kawo, ku dakata. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, kuma ba ku ganin ko ya riga ya cinye simintin da ke ƙasa. In direba ya nace sai ya ratsa, ku sauka ku jira a tudu har ruwan ya janye.